Sharaɗin Mama Milka

Sati uku da Bernice ta ajiye aikin banki a Kaduna ta dawo gida Kafanchan, mahaifiyarta ta daina amsa gaisuwar Nathan.

Ba faɗa aka yi ba. Ya zo ne ranar Asabar da yamma kamar yadda ya saba, ya kafe babur ɗinsa a gindin mangwaro, ya rusuna ya ce, "Mama, ina wuni?"

Mama Milka tana tsince wake a faranti. Ba ta ɗago ba. Ya sake gaishe ta, ta ɗauki farantinta ta shige ɗaki.

Bernice tana kallon komai ta tagar kicin. Ta goge hannunta, ta fito ta kawo masa kujera.

"Na yi wani laifi ne?" in ji Nathan.

"Ni na yi. Kai ne dai za ka sha hukuncin."

Shekara uku ke nan Nathan yana nemanta da sanin kowa. Malamin gona ne na gwamnati, kullum yana kan babur tsakanin ƙauyukan Jaba, daga Nok zuwa inda mota ba ta shiga, yana duba wa manoma cittarsu. Albashinsa ba wani abin a zo a gani ba ne, amma a da wannan bai taɓa damun Mama Milka ba. Ita da bakinta ta faɗa wa matan zumuntar majami'a cewa yaron yana da tsoron Allah, kuma 'yarta tana banki, me ya rage? Har an tsayar da watan Disamba iyayensa su kawo gaisuwa.

Sai ga Bernice a watan Agusta da akwatuna biyu da katifa a saman mota.

Ba ta yi shawara da kowa ba, har shi Nathan. Can Kaduna, a unguwar Sabon Tasha take haya. Ƙarfe biyar da rabi na asuba tana bakin titi tana kokawar shiga mota, ba ta dawowa sai gari ya yi shiru. Asabar ma aiki. Kowane wata a ɗora mata taget, adadin kuɗin da dole ta shigo da shi, ta bi shago shago cikin rana da takalmi mai tsini tana roƙon mutane su buɗe asusu. Tana da shekara ashirin da tara likita ya ɗora ta a kan maganin hawan jini. Wata Laraba tana zaune a ofis wayoyinta biyu suna ƙara lokaci guda, ta zuba musu ido har suka katse. Ba ta ji tsoro ba, ba ta ji komai ba. Wannan shi ne ya ba ta tsoro daga baya.

A satin ne ta ji cewa makarantar 'yan mata ta mishan da ta yi a Kafanchan tana neman malamar lissafi. Albashin bai kai kashi ɗaya cikin uku na wanda take karɓa ba. Ta rubuta, suka ɗauke ta.

Yanzu da ƙafa take zuwa aiki. Ƙarfe biyu tana gida. Tana cin abinci a zaune, tana barci har ta yi mafarki. Lambun bayan gida da ya mutu tun rasuwar babanta bara, ta sake haƙa shi ta zuba alayyafo da yakuwa.

Mama Milka kuwa ba lambu take gani ba. Abin da take gani shi ne matan zumunta suna yin shiru idan ta shigo.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, baƙar mota ta tsaya a ƙofar gidan. Christopher ne, ɗan wani dattijon ikilisiya, ɗan kwangila a Abuja. Shi ya kai takardun Bernice hannun wanda ya sama mata aikin bankin tun farko. Ya taɓa neman aurenta, ta ba shi haƙuri, shi kuma bai taɓa ɗaukar haƙurin nan a matsayin amsa ba.

Mama ta shimfiɗa masa sabon ƙyallen tebur, ta kawo lemo mai sanyi.

"Momi, da na ji labarin ban iya cin abinci ba," ya ce, yana kaɗa makullin mota. Ya juyo wajen Bernice. "Haba, Bernice. Kin san mutum nawa suke azumi da addu'a don su samu kujerar da kika tashi a kai?"

"Yanzu ɗaya daga cikinsu ya samu."

Ya yi dariya kamar ta ba shi labarin ban dariya.

"To, abin bai lalace ba. Na yi magana da wani oga a Abuja. Ba ma Kaduna ba, hedikwata. Gida yana nan, direba yana nan. Ba za ki ƙara bin motar haya ba." Ya rage murya. "Kin san maganata tana nan yadda take. Ban canza ba."

"Na gode, Christopher. Ina da aiki."

"Alli?" Ya buɗe tafin hannu. "Abeg, Bernice."

Da motarsa ta tashi, Mama ta rufe ƙofa ta tsaya a jikinta. Hawaye sun riga sun cika idonta.

"Ki gaya mini gaskiya a gaban Ubangiji. Yaron nan ne ya sa ki?"

"Wane yaro?"

"Kada ki raina mini hankali. Nathan. Ya ga kin fi shi, ya ga ba zai iya da ke ba, shi ne ya ja ki ƙasa ku zama daidai."

"Mama, sai da na iso garin nan ya sani. Kin riga shi ji."

"Ƙarya ne! Mutum mai hankali zai bar banki ya koma cin ƙurar alli haka kawai? Na soya ƙosai shekara goma sha biyar a bakin tasha don ki yi karatu. Ki duba hannuna. Babanki ya tafi yana alfahari da ke. Yanzu in shiga majami'a in ce me?"

"Ki ce na dawo gida."

Mama ta zauna a hannun kujera tana kuka sosai, tana kiran sunan Yesu. Bernice ta tsaya a kanta har ta yi shiru, sannan ta kwashe kofunan lemon ta kai kicin.

Laraba aka kira Nathan. Baba Azariya, ƙanin marigayi mahaifin Bernice, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, shi ya zauna a babbar kujera. Mama tana gefensa. Aka ce Bernice ta koma ciki, ta koma, amma bangon gidan ba mai kauri ba ne.

"Nathan, ba mu da wani abu a kanka," in ji Baba Azariya. "Amma aure ba waƙar kwaya ba ne. Da can mun yarda don mun ga ɗayanku yana tsaye da ƙafa biyu. Yanzu fa?"

"Baba, ina da aikina. Ina da gonar citta a gida. Ba za ta kwana da yunwa ba."

"Cittar da cuta ta cinye?" Muryar Mama ce. "Ka saurare ni da kyau. Abu biyu ne. Ko ka sa ta koma aikinta, tunda maganarka take ji, ko kai ka nemo aikin da za a kira shi aiki. In ba haka ba, ka gaya wa mutanenka kada su wahalar da kansu a Disamba."

"Mama, ban taɓa ce mata ta bar aiki ba."

"To ka nuna mini."

Bernice ta ji ƙarar kujera, ta ji ya yi sallama da ladabi, ta ji babur ya tashi. Bai nemi ganinta ba.

Sati biyu ba ta sa shi a ido ba. In ta kira, sai ya ce yana ƙauye, sabis ba kyau. Ta ci gaba da zuwa makaranta. 'Yan aji biyar sun fara gane abin da suke gudu a da, har wata da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta fito allo ta warware lissafi. Bernice ta so ta ba Nathan labarin. Ta ajiye shi a ranta.

Ranar Juma'a da aka tashi, ta same shi a bakin get. Ya yi aski, ya sa rigar da ba ta sani ba. Suka zauna a bencin siminti ƙarƙashin dalbejiya, ɗalibai suna wucewa suna satar kallonsu.

Ya ciro ambulan ya miƙa mata.

Wani kamfanin taki da maganin feshi ne a Legas. Sun ɗauke shi wakilin talla, zai riƙa zagaya jihohi biyar. Akwai mota, akwai alawus. Litinin zai kama hanya, Laraba ya bayyana a ofis.

Ta karanta har ƙasa, ta ninke takardar yadda take.

"Wa ya sama maka?"

"Na nema ne."

"Nathan, a ƙasar nan ba a samun irin wannan cikin sati biyu. Wa ya sama maka?"

Ya kalli ƙasa. "Christopher ya ba ni lambar wani."

Bernice ta yi ɗan murmushi, ba na daɗi ba.

"Mutumin kirki. Ya sama mini aiki, yanzu ya sama maka. Kai a Legas, shi kuma daga Abuja awa uku ya iso gidanmu. Ba ka gani ba ne?"

"Na gani. Ni ba yaro ba ne. Amma aiki aiki ne, ko daga hannun wa ya fito."

"Akwai taget a ciki. Shafi na biyu."

"Na karanta."

"Ba ka san me ka karanta ba. Ni na sani. Wata na farko za ka riƙa kirana kullum. Na biyu sai Lahadi. Na uku in na kira ka ce kana mitin, kuma ba ƙarya kake yi ba. Kai da kake tsayawa a gonar tsohuwa awa biyu don ganyen cittarta ya yi ruwan ɗorawa, za ka koma kana tura wa mutane maganin da ba sa bukata don wata ya kusa ƙarewa."

"To me kike so in yi?" Muryarsa ta tashi, ya waiga ya rage ta. "Kin san abin da ake faɗa a garin nan? A kasuwa, a majami'a, har a ofishinmu? Wai na yi miki asiri. Wai ni ne na kashe miki rayuwa. Mahaifiyata ta daina zuwa zumunta saboda kunya. Ke kin samu hutunki, Bernice. Ni ne nake yawo da sunan."

Hawayen da ba ta yi a gaban Mama ba suka zubo. Ba ta share ba.

"Na san na cuce ka da ban gaya maka ba. Na ji tsoro ne kada ka ce in daure. Kowa cewa yake in daure. Da kai ma ka faɗa, da na daure, kuma ban san inda zan kasance yau ba."

"Da ban faɗa ba."

"Ga shi yanzu kai za ka je ka daure a madadina."

Ya riƙe hannunta. Shi ma idonsa ya yi ja.

"Don in same ki ne. Ba ni da wata hanya. Mama ta ba ni abu biyu, ba zan taɓa ce miki ki koma wurin da ya kusa kashe ki ba. Saura ɗaya."

"Akwai na uku. Ka zauna. Mu jira ta. Ko shekara ne."

"Christopher ba zai jira shekara ba."

"Christopher ne zai ce ya yarda a gaban fasto, ko ni?"

Ya karɓi ambulan ɗin ya mayar aljihu a hankali, kamar kada ya lanƙwashe.

"Ni dai ba zan bi ka Legas ba," ta ce. "Kuma ba zan auri waya ba. Ka sani tun yanzu."

"Motar safe zan shiga ranar Litinin," ya ce.

Ranar Lahadi da la'asar Bernice tana ban ruwa a lambu, Mama ta fito ta tsaya a bakin katanga. Tun safe fuskarta a sake take. Labarin Legas ya riga ya iso mata ta bakin Baba Azariya.

"Kin gani? Da aka matsa masa ai ya tashi. Namiji ke nan."

Bernice ta ajiye bokitin.

"Mama, zan tambaye ki abu ɗaya. Ba don Nathan ba. Kin ga maganin da nake sha. Kin ga yadda na dawo, zanena ba ya zama a ƙuguna. Yanzu ina ci, ina barci, ina dariya a aji. Me ya sa wannan yake ɓata miki rai haka? Ba kuɗi ba ne. Na san ki. Ba matan zumunta ba ne kuma, kin sha faɗa da su a kan abin da bai kai wannan ba."

Mama ta buɗe baki za ta yi faɗa. Faɗan bai fito ba. Ta nemi turmin da ke kife ta zauna a kai.

Ta kalli kunyoyin alayyafon.

"Lokacin da babanki yake asibiti," ta ce, "kin kira ni ranar Litinin kika ce za ki nemi izini ki zo. Na ce miki yana samun sauƙi."

"Na tuna."

"Ba ya samun sauƙi. Likita ya riga ya gaya mini. Shi ma ya sani. Ya ce a kira masa Bernice. Sau uku ya faɗa. Na ce masa ƙarshen wata ne, in ta taso za su kore ta, ka bari sai Lahadi." Ta danne bakinta da gefen zane. "Alhamis ya tafi."

Bernice ba ta motsa ba. Shekara guda tana ɗauka cewa ciwon ne ya juya farat ɗaya.

"Na hana shi ganinki don aikin nan," Mama ta ci gaba. "Kullum in na kwanta sai in ce wa kaina, ai don gaban yarinyar ne, ai aikin ya isa a yi masa haka. Sai ga ki kin kwaso kaya kin ce aikin ba komai ba ne. To in ba komai ba ne, ni me na yi? Me zan ce masa in mun haɗu a gaban Ubangiji?"

Kuka ya ci ƙarfinta. Bernice ta tsaya da hannu jiƙe da ruwa da laka. Ta so ta yi ihu, ta so ta tambaye ta wa ya ba ta iko. Ta dubi bayan wuyan tsohuwar, yadda ya rame, ta ga ba sauran wurin da za a ƙara ɗora wani abu.

Ta durƙusa a gabanta.

"Da kin gaya mini, da na zo. Wannan zai daɗe yana mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma Nathan ba shi ya yi ba, Mama. Ba ya wurin."

Mama ta share hawayenta. Ta tashi ta shiga ɗakinta, ba ta fito cin abinci ba.

Da Bernice ta farka ranar Litinin, ƙofar gida a buɗe take, takalmin Mama ba ya nan. Ta yi wanka, ta ɗauki littattafanta ta tafi makaranta. Tana da 'yan aji biyar ƙarfe takwas.

Ta yi nisa da darasi, ta cika rabin allo, maigadi ya leƙo ya ce ana nemanta a get.

Mama ce. Ɗan okadan da ya kawo ta a babur bai ma tafi ba. Ɗankwalinta ya karkace, ƙafafunta duk jar ƙasa. Ita kaɗai.

"Na je tasha," ta ce tana haki. "Na same shi. Yana gaban mota, kusa da direba."

Bernice ta jira.

"Na ce masa ya sauko. A gaban mutane na faɗa. Na ce na janye maganata, mutanensa su zo Disamba, ko gobe ma in suna so. Har haƙuri na ba shi, Bernice, ni da furfurata."

"Me ya ce?"

Mama ta kawar da kai.

"Ya yi kuka. Ya ce ya gode. Amma ya ce ya riga ya sa hannu a takarda, ya riga ya ajiye aikin gwamnati tun Juma'a, kuma duk gari sun ji zai tafi. Wai in ya sauko yanzu, da wane ido zai kalli mutane." Ta kama hannun Bernice. "Ya ce in gaya miki ba daɗewa zai yi ba. Ya ɗan tara abin da zai tara ya dawo. Wata shida kawai."

Bernice ta dubi allin da ke tsakanin yatsunta.

"Ni ma haka na ce ranar da na fara, Mama. Wata shida. Shekara shida na yi."

"Ki kira shi mana! Ba su wuce Kwoi ba. In ya ji muryarki zai sauka."

"Ya ji muryata ranar Juma'a."

Ta gyara wa Mama ɗankwalin, ta ce wa ɗan okadan ya kai ta gida a hankali, hanyar akwai ramuka. Ta tsaya har suka sha kwana.

Da ta koma aji, 'yan matan sun yi tsit suna kallon fuskarta. Ta ɗauki abin goge allo ta share gefe ɗaya.

"Ina muka tsaya?" ta ce.